Idon Inayat Marini

Duk wanda ya taɓa sayen kayan aure a layin 'yan yadi na tsohuwar Lahore ya san Inayat, ko da bai san sunansa ba. Shi ne tsohon nan da ke tsugune ƙarƙashin matakalar shagon Shahzad mai kayan amare, da kasko biyu a kan risho mai gas, da gwangwanayen garin rini jere a bayansa. Hannayensa daga yatsu har gwiwa ja ne, jan da sabulu ya yi iya yinsa ya sallama. An ce ranar aurensa da Parwin 'yan'uwanta sun yini suna yi mata tsiya, wai ango ya riga amarya sa lalle.

Rini gadonsa ne. Wurin zaman kuwa mahaifin Shahzad ne ya ba shi tun yana saurayi, da baki kawai, ya ce masa, "Zauna nan, amarena su daina yawo neman marini." Ya zauna, bai sake tashi ba har gemunsa ya yi fari.

Aikin ba shi da wani surkulle a ido. Mace ta sayi riga a sama, a ba ta farin mayafi, a yanko mata ɗan ƙyalle daga rigar, ta sauko wurin Inayat. Shi kuma ya dubi ƙyallen sau ɗaya, ya tsakuro gari daga wannan gwangwani, ya taɓo daga wancan, ya watsa a tafasasshen ruwa, ya tsoma mayafi ya juya, ya matse. Sai mutum biyu su kama gefe da gefe suna kaɗawa a iska har ya bushe. In mai kaya ta fara ƙorafin launi ya yi duhu tun yana jiƙe, amsarsa ɗaya ce, ya fara da Baji, wato yaya, yadda ake kiran mata a can: "Baji, yi haƙuri ya sha iska. Jiƙaƙƙen yadi maƙaryaci ne." In ya bushe sai a ɗora ƙyallen a kai, a neme shi a rasa.

Amma inda ya yi suna shi ne ja. A wurinsa ja dangi ne guda. Akwai jan rumman, akwai jan barkono, akwai jan bulo, akwai wani mai duhu da yake kira jan suruka, wai don ba ya dariya. A zamaninsa amarya ja take sawa, karan-miski mai nauyin da sai an tallafe ta kafin ta miƙe, kuma da sanyi ake biki. Da bazara ta shigo sai kasuwar aure ta kwanta, Inayat ya kwanta tare da ita a kan benci, ya sha mangwaro, ya yi ta musu da Gulzar mai shayi a kan wasan kokawa.

To, kiɗa ya canza. Aka giggina manyan ɗakunan biki masu na'urar sanyi, 'yan'uwan da ke Ingila da Dubai kuma suka ce su ba sa samun zuwa sai lokacin hutun yara, wato tsakiyar zafi. Aure ya tattara ya koma bazara. Amare suka duba wayoyinsu suka ga abin da ake yayi, suka ce su ba za su dahu cikin karan-miski ba. Yadi shara-shara suke so, wanda iska ke ratsawa, launi kuma mai sanyi: ruwan madara, launin ɓawon albasa, launin cikin kwakwa, koren da sai an rantse maka kafin ka yarda kore ne.

"Launin masu jinya," in ji Inayat. "Yarinya ta fito ranar aurenta kamar an sallamo ta daga asibiti."

"Ustad, kai ma ka bi yayi mana," Gulzar ya ce yana miƙa masa kofi, don Ustad ake kiran gwanin sana'a a can. "Ga shayina nan, launinsa ake nema yanzu. Ka riƙa tsoma mayafan a tukunyata mu raba riba."

"Wannan ruwan wankin kofin? Ko ƙuda ya faɗa ciki fari zai fito."

Suka yi dariya, amma dariyar Inayat ba ta wuce haƙora ba. Akwai abin da bai faɗa wa kowa ba. Tun bara yanar ido ta fara rufe masa gani. Duniya ta koma masa kamar ana leƙenta ta gilashin motar da ta kwana a hanya. Ja bai ba shi wahala ba, ja yana da murya, ko a duhu zai kira ka. Amma waɗannan sababbin launuka raɗa suke yi, shi kuwa ya daina jin raɗa. A ɗora masa ruwan madara da ruwan hoda mai haske da fari, duk abu ɗaya yake gani.

Likitan ido ba nisa, yana bayan masallaci. Can teloli da masu aikin zare ke zuwa, shi ya sa ma Inayat ya ƙi. A layin nan in ka yi atishawa a wannan bakin, kafin ka goge hanci an yi maka sannu a wancan bakin. Tela ya sa tabarau, sai a ce ya ƙware. Marini ya fito da bandeji a ido, wace uwar amarya ce za ta sake miƙa masa mayafi? Ya ce a ransa bari yayin ya wuce, ai yayi ba ya tsufa a gari. Ja zai dawo.

Parwin ce ta kama shi. Wata Juma'a ta yafa sabon mayafin da 'yarsu Rubina ta aiko mata, ya dube ta ya ce, "Farin nan ya karɓe ki."

Ta tsaya da kwanon gurasa a hannu. "Wane farin?"

"Na kanki mana."

"Baban Rubina, kore ne."

"To ai kore mai fari-fari nake nufi."

"Ka shekara nawa kana gaya mini kore kala nawa ne a duniya, yau kuma kore ya zama fari? Dube ni nan. Tun yaushe?"

Ya yi ta kame-kame, ta bar shi ya gama, sannan ta ce gobe za su je bayan masallaci. Ya rantse ba ya zuwa. Ta yi fushi, ta yi kuka, ta kira shi jakin dutse, bai motsa ba. Da ta ga haka sai ta ɗauki wata hanyar. Washegari da hantsi ta bayyana a kasuwa da kwanon abinci, ta shimfiɗa buhu a gefen matakala ta zauna, ba ta tashi ba sai la'asar. Haka jibi, haka gata. In an kawo ƙyalle, Inayat ya karɓa ya yi kamar yana nazari, ya karkata shi wajenta. Ita kuma, kanta a sunkuye tana tsince wake, sai ta ce ƙasa-ƙasa, "Ruwan hoda ne, da ɗan rawaya a ciki." In ya tsoma ta ce, "Ƙara kaɗan." Ko ta ce, "Ya isa, cire." Hannun nasa ne, idon nata.

Layi ya samu abin magana. Gulzar ya riƙa kawo kofi biyu yana waƙa.

"Yaya Parwin, me kike tsaro ne? Wa zai sace miki wannan? Ko kyauta aka ba da shi sai an haɗa da risho."

"Tsohon kasko ya fi riƙe zafi," ta ce. "Kai da aka bar ka da tukunyar shayi, ina taka take?"

"Tawa ta san darajar kanta, tana gida gaban fanka."

Haka suka ci rabin bazara, kuma ba a taɓa dawo da mayafi ko ɗaya ba. Har Shahzad ya riƙa yi wa masu saye alfahari cewa tsohonsa ya fi na'ura.

Sai yayan Parwin ya rasu a ƙauyensu, can wajen Kasur. Ba yadda za a yi ƙanwar mamaci ta bar gidan makoki kafin sadakar uku. Inayat ya je jana'iza ya juyo a ranar, don kakar biki ce, in ya rufe kasko wani zai buɗe nasa. A bakin mota ta riƙe masa hannun riga.

"In mai haske ne ka ce gas ya ƙare. Ka ji ni? Ja da shuɗi kawai za ka taɓa."

"Na ji."

"Ba ji nake so ba, yi nake so."

Ranar farko ya tsira. Rana ta biyu, ana zafin da kwalta ke kama takalmi, wutar lantarki ta ɗauke, sai ga Shahzad ya sauko da kansa, bayansa wata hamshaƙiya, Begum Farhat, da 'yarta Mahnur wadda za a ɗaura wa aure a ƙarshen mako. Shahzad na rungume da mayafi a hannu biyu kamar jariri. Tun sanyi masu aikin zare ke kansa a bene: gefensa duk zaren zinariya ne da ƙananan duwatsu, tsakiyarsa shara-shara, fari tas. Haka ake yi, a bar rini sai ƙarshe, sai riga ta kammala, don kada a samu saɓani ko na ƙwayar zarra.

Mahnur ta miƙo ƙyalle. "Baffa, ka gani? Kamar an ɗiga ruwan rumman ɗigo ɗaya a kofin madara. Kada ya wuce haka. A hoto ma so nake a yi ta gardama ko fari ne."

Inayat ya karɓa. Fari ya gani, fari irin na likkafani.

"Ɗana," ya ce wa Shahzad, "gas ɗin nan ya yi ƙasa. A bari sai jibi."

Shahzad ya taɓa tukunyar gas da ƙafa, ta ƙi motsi don nauyi. "Ustad-ji, wannan ai sai ta kai mu damina. Jibi kuma ana sa lalle, yau za su tafi da shi."

"Ruwan famfon yau da gishiri-gishiri."

"A kawo maka na gora."

Ƙarya ta ƙare masa. Ya dubi Begum Farhat, wadda ke fifita da jakarta, gumi na wanke mata hoda. Dabara ta ƙarshe ta zo masa. "To Baji ta tsaya nan ta gani da idonta. In ya kai yadda take so sai ta ce in cire."

Shahzad ya yi dariya. "Baji, kin ji tsoho da son a kalle shi. Mutumin da ya rina mayafin mahaifiyata ne wannan, ba a tsaya masa a ka. Ku hau sama, na tayar da janareta, a gwada rigar a sha abu mai sanyi."

Suka hau. Sunan da ya yi shekaru yana tarawa shi ya kore masa masu gani.

Ya zauna shi da kasko. Gulzar na can yana wanke kofuna, taku kaɗan ne tsakaninsu. Magana ɗaya ce: zo ka duba mini. Amma bakin Gulzar rediyon layi ne, ba a kashe shi. Inayat ya haɗiye maganar.

Ya taɓo ja a kan farce, ɗan mitsitsi, yadda hannunsa ya saba in Parwin ta ce ruwan hoda. Ya watsa, ya tsoma, ya ɗaga. Fari. Ya kai shi bakin rana, ya ƙanƙance ido. Fari dai. Da ya tsaya nan da ya dace, don hannun bai manta aikinsa ba. Amma mutumin da ya rayu yana gaskata idonsa ba ya iya ƙaryata shi rana ɗaya. Zuciya ta ce masa yadin ne mai taurin kai, irin na zamani, bai sha ba. Ya ƙara. Ya ɗaga, ya ga kamar wani abu na motsi a cikin farin, kamar ba ya yi. Ya ƙara. Bai daina ba sai da ya ga launi da idonsa, ɗan ja-ja mai sanyi, daidai ɗigon rumman a madara. Ransa ya yi fari. Ya ce ashe idon da saura.

"Gulzar, zo kama mini."

Gulzar ya zo yana goge hannu, ya kama gefe, ya yi turus. "Ustad, bai yi ihu da yawa ba kuwa?"

"Kai da shayi ka sani. Jiƙaƙƙen yadi maƙaryaci ne."

Gulzar ya ji wannan magana sau ba adadi kuma bai taɓa ganin ta faɗi ƙasa ba, sai ya ja bakinsa. Suka yi ta kaɗawa, mayafi na tashi yana sauka, duwatsun na walƙiya. Ya bushe. Wannan karon jiƙaƙƙen yadi bai yi ƙarya ba. Ruwan hoda ne mai tsawa, irin na takardar cingam, wanda ake hangowa daga ƙarshen layi. Teloli suka fara leƙowa. Inayat shi kaɗai ke murmushi.

Da suka sauko, shi ya fara magana. "Baji, ɗora ƙyallen ki gani."

Mahnur ta ɗora ƙyallen a kan mayafin, ya kwanta a kai kamar farin tabo. Ta dube shi, ta dubi uwarta, sai ta zauna a kan matakala ta rufe fuska.

"A cire," in ji Begum Farhat. "A wanke shi ya koma fari."

"Baji, maganin da zai cire wannan zai ƙone zaren, ya koma baƙi," Shahzad ya ce a hankali.

"To a yi wani."

"Aikin wata da watanni ne."

"Dangin mijinta sun taso tun daga Ingila. Me zan yafa mata, labulen ɗakina?"

Inayat ya dubi wannan ya dubi wancan. "Me ya faru? Ai ya hau. In ma da bambanci, ɗan kaɗan ne."

Nan Shahzad ya juyo ya dube shi da kyau, irin kallon da bai taɓa yi masa ba. Ya karɓi ƙyallen, ya zaro farin hankicinsa daga aljihu, ya ɗora su biyun a tafin hannu.

"Ustad-ji, wanne ne na rigar?"

Inayat ya sunkuya, ya matso da fuska har numfashinsa na motsa su. Ya daɗe. Sannan ya sa jan yatsansa a kan hankici.

Shahzad bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya sallami Begum Farhat da alkawarin wani mayafi na kanti, ta tafi tana cewa ko maƙiyinta ba za ta turo layin nan ba. Da yamma ya sauko ya tsuguna kusa da tsohon.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba? Da ni zan kai ka asibiti."

"Da ka kai ni, da ka bar mini wurin?"

Shahzad ya kawar da kai, don shi ba maƙaryaci ba ne. Can ya ce, "Ka je ka huta, Ustad-ji. Ka yi wa gidanmu aiki, ba mu manta ba."

Parwin ta dawo ta tarar da kasko da gwangwanaye jibge a tsakar gida. Ba ta tambaya ba, ba ta kuma ce ai na faɗa maka ba, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. Da safe ta kama hannunsa suka tafi bayan masallaci, ya bi ta kamar rago, tunda yanzu babu sauran abin ɓoyewa. Aikin idon da ya shekara yana gudu bai kai tsawon shan shayi ba. Da aka cire bandeji ya ga ƙurar da ke kan fanka, ya ga furfurar matarsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ashe haka kika tsufa?" Ta ce, "Jira ka ga madubi."

Da damina ta sauka ya sa fararen kaya ya koma layi. Ƙarƙashin matakala wani mutumin Faisalabad ne zaune, da kati mai launuka da lambobi. A tagar shagon an jera rigunan amare na yayin shekarar, Inayat ya tsaya yana kallo. Ashe launin masu jinyar nan ba ɗaya ba ne. Wannan ya karkata wajen zuma, wancan wajen toka, wani kamar sararin sama kafin rana ta fito. Ashe su ma dangi ne guda, kuma masu kyau. Yatsunsa suka riƙa motsi a aljihu suna auna gari.

Ya hau wurin Shahzad ya ce a gwada shi da kowane ƙyalle. Shahzad ya ba shi kujera, ya sa aka kawo masa nono mai ƙanƙara.

"Na yarda kana gani, Ustad-ji. Amma matan nan labari suke saye kafin su sayi yadi. Har a wayoyinsu an yaɗa hoton mayafin nan."

Ya bi sauran shaguna, kowa ya tashi ya gaishe shi da girmamawa, kowa ya ce wurinsa a cike yake. A bayansa ya ji wani tela na tambaya ko Ustad Cingam ne ya wuce. Gulzar ya ba shi shayi ya ƙi karɓar komai, kuma bai tsokane shi ko sau ɗaya ba. Daga ranar bai sake taka layin ba.

Yanzu a saman rufin gidansu yake kafa kasko. Matan unguwa na kawo masa tsofaffin abayoyin da rana ta cinye, da wandunan makaranta da suka koɗe, yana mayar da su baƙi. Jan hannunsa ma ya fara ɓacewa ƙarƙashin baƙin.

Da bazarar bana ta kama, Sumaira 'yar maƙwabcinsu ta hau rufin da abayar uwarta. Ta ajiye, sannan ta kwance bakin mayafinta ta fito da ɗan ƙyalle.

"Baffa, an sa ranata. Ga launin rigar."

Ya goge hannu ya karɓa da gefen farce. Ruwan madara ne da ya ɗan sha kore, kamar cikin ɗanyen almon. Ya gan shi sarai.

"Masha Allah. Kawo mayafin gobe da safe, kafin rana ta yi zafi. Ba zan karɓi ko sisinki ba."

Yarinyar ta sunkuyar da kai tana murza yatsu. "Wato, Baffa, Umma cewa ta yi in tambaye ka, tunda ka san kasuwa. Wane marini ne mai kyau da za mu kai wa?"

Parwin, da ke shanya a gefe, ta tsaya da riga a hannu. Inayat ya ƙara duban ƙyallen, ya miƙa mata abinta.

"Ki je shagon Shahzad, ƙarƙashin matakala. Ki ce wa marinin ya sa kore kaɗan, kada ya biye wa katin nan nasa. Kuma ki tsaya a kansa har ya gama."

Ta yi godiya ta sauka da sauri. Shi kuma ya ɗauki abayar uwarta ya tura cikin kasko, ya danna ta da sanda har ta nutse.